Ido da Abin da Zuciya Ta Riga Ta Sani: Bayanin Ibnul Haisam

Malaman Hadisi sun daɗe da lura cewa mai karatu yakan ga kalmar da ya saba da ita a gurbin wadda take rubuce. Irin wannan kuskure yana cikin abin da suka kira tashifi, har Abu Ahmad al-Askari (ya rasu 382H) ya keɓe masa littafi mai suna Tashifatul Muhaddisina. Ibnus Salah ya kawo misali a Muƙaddimarsa: Abubakar as-Suli yana shibtar hadisin azumin Shawwal sai ya karanta "sittan" a matsayin "shai'an". Idan babu ɗigogi, siffar kalmomin biyu kusan ɗaya ce, da haka kwana shida suka koma "wani abu".

Wanda ya yi bayanin tushen wannan al'amari filla-filla shi ne Al-Hasan Ibnul Haisam, haifaffen Basra wajen 354H (965M), wanda ya rasu a Alƙahira wajen 430H (1040M). Littafinsa Kitabul Manazir maƙaloli bakwai ne. A ta farko ya tabbatar da cewa haske ne yake shiga ido daga abin da ake kallo, saɓanin ra'ayin Iƙlidis da Baɗlimus cewa ido ne yake fitar da shi. A ta biyu kuwa ya nuna cewa abin da ido yake riska da kansa haske ne da launi kawai. Nisa da girma da siffa, da sanin ko mene ne abin, duk aikin ƙarfin tamyizi ne, wanda yake auna abin da ya shigo da siffofin da ke ajiye cikin rai. Wannan ƙiyasi yana gudana da sauri ƙwarai, har mutum ba ya jin ya yi shi.

Ya buga misali da karatu. Wanda ya iya rubutu, da zarar ya hangi kalmar "abjad" a takarda, ya gane ta daga siffarta ba tare da ya bi haruffanta ɗaya bayan ɗaya ba. Saboda haka ya raba gani gida biyu: na kallo ɗaya, mai dogara da alamu da sanin baya, da na ƙura ido, wanda da shi ake tabbatar da haƙiƙar abu. A maƙala ta uku ya bayyana yadda na farko yake ɓatarwa, kamar a hango baƙo daga nesa a ɗauka wani sananne ne.

An fassara littafin zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572. A gabas kuma Kamaluddin al-Farisi ya yi masa sharhi mai suna Tanƙihul Manazir. A 1886 James Cattell, ɗan Amurka, ya nuna ta hanyar gwaji cewa a ƙiftawar ido mutum ya fi kama haruffa idan sun haɗu sun zama kalma mai ma'ana a kan idan suna warwatse.

Mas'alar ta shafi hukunci kai tsaye. Ibnu Khallikan ya ruwaito cewa mutanen Basra sun fita duban watan Ramadan, sai Anas bin Malik (Allah Ya ƙara masa yarda), a tsufansa, ya ce ga shi can. Alƙali Iyasu bin Mu'awiya ya lura da wani silin gashin gira da ya lanƙwaso gaban idonsa, ya shafe shi, ya sake tambayarsa, Anas ya ce bai gan shi ba. Ba wanda ya tuhumi gaskiyar Sahabin, amma alƙali ya binciki ganin nasa.

Wannan ne ya sa malamai suka haɗa adala da dabɗi a sharuɗɗan riwaya, suka kuma fifita karɓar ilimi daga bakin malami a kan ɗaukarsa daga takarda. Amintaccen mutum yana iya rantsuwa a kan abin da ya gani, alhali tsammaninsa ne ya cike masa rabin siffar. Allah ne Mafi sani.