Daga Rijiyoyin Salaga zuwa Lambun Makaranta

A yau ana yawan maganar yin lambu a kan rufin makarantu domin ciyar da biranen da suka cika maƙil. Shawarar sabuwa ce, amma matsalar tsohuwa ce, kuma tarihin arewacin Gana yana da abin faɗa a kanta.

A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gonja. Fatake kan taso daga Kano a ayari, ƙarƙashin madugu, su biyo ta Yendi, hedikwatar Dagomba, su iso da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron Asante. Da rani, lokacin da ayarori ke sauka, jama'ar garin kan ninka, alhali kuwa ruwa ya yi ƙaranci. Saboda haka aka haƙa rijiyoyi birjik, har ake yi wa Salaga kirari da garin rijiya dubu. Wani wurin ma har yanzu sunansa na Hausa ne, Wankan Bayi, inda ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa. Sunan yana tuna mana cewa wahalar da ta ɗauki nauyin garin, ta jan ruwa da ta noman ƙauyukan kewaye, mafi yawanta ta bayi ce.

Ƙarfin Salaga ya fara raguwa bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, domin hanyar goro ta karkata. Yaƙin basasa na 1892 ya ƙarasa ta. Mutanen zango suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran garuruwa, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano. Rijiyoyin suka rage, masu jan guga suka tafi.

Bawku, can arewa maso gabas, ta bi wata hanyar. Damina a nan ɗaya ce, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, don haka manoma suka riƙi noman rani a fadamu da bakin madatsun ruwa. Wannan shi ne lambu a ainihin ma'anarsa ta Hausa: gonar da ake shayarwa da hannu. Albasar Bawku ta yi suna har kasuwannin Kumasi da Akara.

Makarantu sun shiga wannan tarihi sosai a 1972, sa'ad da gwamnatin Kanar Acheampong ta ƙaddamar da shirin Operation Feed Yourself, wato ciyar da kai. Aka umarci makarantu da ma'aikatu su yi gonaki, aka ƙarfafa wa mazauna birni gwiwa su noma bayan gida. Najeriya ta yi irinsa a 1976. Da farko an ga amfani, amma kafin ƙarshen shekarun 1970 shirin ya yi sanyi. Gonar makaranta tana da rauni na musamman: ɗalibai kan tafi hutu, shuka kuwa ba ta san hutu ba. A wurare da dama kuma noman ya zama horon mai laifi, yara suka tsane shi.

Shi kansa rufi ba baƙon wurin aiki ba ne. A kan soro, wanda aka yi da azara da ƙasa, Hausawa sun daɗe suna shanyar barkono da kuɓewa. Sai dai shanya daban, shuka daban. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyi, kuma galibin azuzuwan Salaga da Yendi da Bawku rufin kwano ne, wanda ba ya ɗaukar ta. Abin da kwano ya iya shi ne tara ruwan sama a tanki, a shayar da lambun da ke ƙasa.

Wanda zai kai lambu saman makaranta, to ya fara amsa tambayoyi biyun da Salaga ta fuskanta: ina ruwan zai fito a watan Maris, kuma wa zai ja shi, bisa yardarsa, idan an rufe makaranta?