BABI NA UKU: TASHE DA FAƊUWA DA FARFAƊOWAR HANYA MAI LAMBA 66 TA AMURKA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin tarihin Hanya Mai Lamba 66 ta ƙasar Amurka, tun daga kafuwarta a shekarar 1926 har zuwa lokacin da aka soke ta a 1985, da kuma yadda ta sake farfaɗowa a matsayin hanyar yawon buɗe ido. Za a mayar da hankali ne a kan gine-gine da alamomin da ke gefenta, waɗanda matafiya ke zuwa kallo daga sassa daban-daban na duniya. Abin da babin ke son tabbatarwa shi ne, waɗannan alamomi ba don ado ko tarihi aka gina su ba tun asali. Dabarun neman abinci ne na ƙananan ’yan kasuwa, kuma begen da ake yi wa hanyar ya zaɓi wani ɗan yanki ne na tarihinta ya bar saura.

3.1 Asalin Hanyar

A shekarar 1920 motocin hawa da aka yi wa rajista a Amurka sun kai kimanin miliyan 8, kafin 1930 kuwa sun kai miliyan 23. Wannan yawaita ta motoci ita ce ta tilasta wa hukuma ta tsara manyan hanyoyin ƙasar, domin a wancan lokaci ƙungiyoyin ’yan kasuwa ne ke raɗa wa hanyoyi suna, kowace ƙungiya tana jan matafiya zuwa garinta. A ranar 11 ga Nuwamba, 1926 aka amince da sabon tsari na bai wa manyan hanyoyi lamba, kuma a cikinsu akwai mai lamba 66.

Hanyar ta tashi daga Shikago ta ƙare a Los Anjalis, daga baya a 1936 aka ƙarasa da ita Santa Monika a bakin teku. Tsawonta ya kai kimanin mil 2,448, watau kilomita 3,940, ta kuma ratsa jihohi takwas: Ilinoyi da Misuri da Kansas da Oklahoma da Tekzas da Niyu Meziko da Arizona da Kalifoniya. Wanda ya fi kowa tsayawa a kan shata ta shi ne Cyrus Avery, wani ɗan kasuwa na garin Tulsa, wanda ya yi ruwa ya yi tsaki har ta bi ta jiharsa ta Oklahoma. Tun da farko lamba 60 ya nema, amma jihar Kentaki ta ƙi yarda, sai aka daidaita a kan 66. Wannan ya nuna cewa tun ranar farko maganar ciniki ce ke gaba, domin shugabannin garuruwa sun san duk garin da hanya ta ratsa ya samu kasuwa.

A lokacin da aka ba ta lamba, kimanin mil 800 ne kawai aka shimfiɗa wa kwalta ko kankare. Sauran duk burji ne da turɓaya. A 1927 aka kafa ƙungiyar tallata hanyar, wadda ta matsa wa hukuma lamba har aka gama shimfiɗa ta baki ɗaya a 1938. A 1928 an yi gasar tseren ƙafa daga Los Anjalis zuwa Niyu Yok wadda ta bi wannan hanya har Shikago, inda wani matashi ɗan ƙabilar Cherokee daga Oklahoma, mai suna Andy Payne, ya zo na ɗaya ya ci dala 25,000. Jaridu sun bi wannan gasa gari bayan gari, ta haka sunan hanyar ya shiga kunnuwan jama’a.

3.2 Hanyar Gudun Fari da Yaƙi

Matafiyan farko da suka cika hanyar ba ’yan yawon shaƙatawa ba ne. A shekarun 1930 matsanancin fari da guguwar ƙura sun afka wa filayen noma na Oklahoma da Tekzas da Kansas, a daidai lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Manoma da yawa sun rasa gonakinsu a hannun bankuna da masu ƙasa, saboda haka suka ɗaure katifu da tukwane a kan tsofaffin motoci suka nufi yamma. An ƙiyasta cewa fiye da mutum dubu ɗari biyu ne suka yi ƙaura zuwa Kalifoniya a wannan lokaci. Ba a karɓe su hannu bibbiyu ba, domin a 1936 ’yan sandan Los Anjalis sun je har kan iyakokin jihar suna mayar da waɗanda ba su da kuɗi a aljihu. Marubuci John Steinbeck ya gina littafinsa The Grapes of Wrath na 1939 a kan wannan ƙaura, kuma daga littafin ne hanyar ta samu laƙabin uwar hanya.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, sai motocin soja da ma’aikata masu neman aiki a masana’antun makamai na Kalifoniya suka maye gurbin manoma. Manyan motocin soja sun farfasa hanyar ƙwarai, kasancewar ba a gina ta don ɗaukar irin wannan nauyi ba.

3.3 Zamanin Tashe da Samuwar Alamomi

Bayan ƙarewar yaƙi a 1945 aka daina rabon man fetur da awo, albashi ya ƙaru, iyalai suka fara fita hutu a mota. A 1946 Bobby Troup ya tsara waƙa a kan hanyar wadda Nat King Cole ya rera, a cikinta ana jero sunayen garuruwan da ke kanta. Daga 1960 zuwa 1964 kuma gidan talabijin na CBS ya nuna wani wasan kwaikwayo mai ɗauke da sunanta. Wannan ne zamanin da ake bege a yanzu.

Domin fahimtar alamomin gefen hanyar, wajibi ne a lura da yadda aka shata ta. Ba ta kewaye garuruwa, tsakiyarsu take ratsawa, har ta zama ita ce babban titin kowane gari. Saboda haka mai gidan mai da mai gidan abinci da mai masauki duk a bakinta suke, kuma kowannensu yana da ’yan daƙiƙoƙi ne kawai da zai ja hankalin direban da ke wucewa. Wanda ya kasa tsayar da mota, maƙwabcinsa zai tsayar da ita. Wannan gasa ce ta haifar da manyan alluna masu fitilun niyon da gumaka masu tsawo da gine-gine masu baƙuwar siffa. Ga misalai kaɗan:

(a) Gidan mai da abinci na U-Drop Inn a garin Shamrock na Tekzas, wanda aka gina a 1936 da doguwar hasumiya domin a hango shi daga nesa.

(b) Kogon Meramec a Misuri, wanda mai shi, Lester Dill, ya riƙa yi wa manoma fentin rumbunansu kyauta da sharaɗin a rubuta tallan kogon a jiki.

(c) Masaukin Wigwam a garin Holbrook na Arizona, wanda Chester Lewis ya buɗe a 1950, ɗakunansa na siminti ne amma an yi su da siffar tantin Indiyawan Amurka.

(d) Gidan abinci na Big Texan a Amarillo, wanda aka buɗe a 1960, inda ake bai wa mutum gasasshen nama mai nauyin kusan kilo biyu kyauta idan ya iya cinye shi da abin haɗinsa cikin awa ɗaya.

(e) Shuɗin kifi na garin Catoosa a Oklahoma, mai tsawon kimanin ƙafa 80, wanda Hugh Davis ya gina wa matarsa a farkon shekarun 1970, daga baya ya zama wurin wanka na matafiya.

In ban da na ƙarshen, wanda ya fara a matsayin kyauta, duk sauran talla ne tsagwaronsa.

3.4 Faɗuwar Hanyar

Cinikin da ya raya hanyar shi ne kuma ya jawo ajalinta. Cunkoso ya yi yawa, hanyar ga ta siririya ga kwana-kwana, har haɗurra suka sa ake yi wa wasu sassanta laƙabi da hanyar jini. Shugaba Dwight Eisenhower, wanda ya yi kwana 62 a ayarin motocin soja daga Washintan zuwa San Faransisko a 1919, ya kuma ga manyan hanyoyin Jamus lokacin yaƙi, ya sa hannu a dokar gina tagwayen hanyoyi na tsakanin jihohi a 1956. Dokar ta tanadi mil 41,000, gwamnatin tarayya kuma ta ɗauki kashi 90 cikin ɗari na kuɗin aikin.

Sababbin hanyoyin sun sha bamban da tsohuwar ta fuska guda mai muhimmanci: suna kewaye gari, kuma ba a shiga ko fita sai a wuraren da aka keɓe. Tagwayen hanyoyi biyar ne suka maye gurbinta, watau masu lamba 55 da 44 da 40 da 15 da 10. Mai ƙarfi ya bi sabuwar hanya, kamar yadda Big Texan ya yi ƙaura a 1970. Marar ƙarfi kuwa ya rufe, kamar masaukin Wigwam da ya tsaya a 1974. Garin Glenrio da ke kan iyakar Tekzas da Niyu Meziko ya zama kufai. Garin Williams na Arizona shi ne na ƙarshe da aka kewaye, a watan Oktoba na 1984, sa’an nan a ranar 27 ga Yuni, 1985 aka soke lambar 66 daga jerin manyan hanyoyin ƙasa.

3.5 Farfaɗowa

Garin Seligman na Arizona an kewaye shi ne a 1978, kuma ciniki ya tsaya cik. A watan Fabrairu na 1987 wani mai aski na garin, Angel Delgadillo, ya jagoranci kafa ƙungiyar kare hanyar ta jihar Arizona, a cikin shekarar kuma jihar ta ayyana sashen da ya ratsa garin a matsayin hanyar tarihi. Sauran jihohin suka bi sahu. An sake buɗe masaukin Wigwam a 1988, an gyara kewayayyen rumbun Arcadia na 1898 a 1992 bayan rufinsa ya rufta. A 1999 majalisar ƙasa ta yi dokar tallafa wa gyaran gine-ginen hanyar, fim ɗin Cars na 2006 kuma ya ƙara jawo mata sababbin masoya. Duk da haka an yi asara, domin an rushe shahararren masaukin Coral Court na yankin St. Louis a 1995.

Wani abin lura a nan shi ne, watsin da aka yi da hanyar shi ne ya adana yawancin alamominta. Inda ciniki ya ci gaba, an rushe tsofaffin gine-gine an yi sababbi. Inda ciniki ya mutu kuwa, babu mai kuɗin rushewa, sai gini ya tsaya yadda yake har ya zama abin kallo.

3.6 Abin da Bege Ya Ɓoye

Hausawa kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma ba kowa ne ya ji daɗin barar wannan hanya ba. Baƙar fata na Amurka ba a ba su ɗaki a yawancin masaukan da ake yabo a yanzu, akwai kuma garuruwa da dama a kan hanyar da aka haramta musu kaiwa faɗuwar rana a ciki. Dalili ke nan da ya sa Victor Green, ma’aikacin gidan waya mazaunin Niyu Yok, ya fara buga jagorar Green Book a 1936, mai jero wuraren da za su iya kwana da cin abinci. Gidan man iyalan Threatt da ke kusa da garin Luther a Oklahoma yana cikin ’yan wuraren da suke samun mafaka. Sai da dokar ’yancin jama’a ta 1964 ta zo aka haramta wannan wariya.

Haka kuma hanyar ta ratsa ƙasashen ƙabilun asali irin su Navajo da Hualapai da Pueblo, ’yan kasuwa suka mayar da kamanninsu kayan talla. Tantin da aka kwaikwaya a Holbrook na ƙabilun filayen tsakiyar ƙasar ne, ba na mutanen Arizona ba. Bugu da ƙari, wasu alamomin ba su ga zamanin tashen ba ma. Motoci goma ƙirar Cadillac da aka binne kawunansu a ƙasa kusa da Amarillo aikin wasu masu fasaha ne na 1974, an kuma sauya musu wuri a 1997.

3.7 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Hanya Mai Lamba 66 ta yi shekara 59 tana aiki a hukumance, da yadda ta ɗauki manoma masu gudun fari da sojoji kafin ta ɗauki ’yan hutu. An kuma ga cewa alamomin gefenta sun samu ne daga gasar tsayar da mota, sun mutu da aka kewaye garuruwa, suka sake rayuwa da mazauna garuruwan suka gane cewa tarihin kansa haja ce. Shekarar 2026 ce ta cikar hanyar shekara ɗari. Mai nazarin da ya tsaya a kan fitilu da gumaka kawai, ya manta da manomin Oklahoma da matafiyin da aka hana ɗaki, rabin tarihin ya ɗauka.