Daga Studebaker Zuwa Enron: Lauyoyin da Ke Gadin Amanar Fansho a Amurka

A watan Disamba na 1963 kamfanin ƙera motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa da ke garin South Bend a jihar Indiyana. Da aka zo lissafin asusun fansho, sai aka tarar kuɗin da ke ciki ba su kai alkawarin da aka ɗauka ba. Ma'aikata kimanin 3,600 da suka riga suka yi ritaya ko suka kai shekara 60 sun sami haƙƙinsu cikakke. Wasu kimanin 4,000, masu shekara 40 zuwa 59, an sallame su da kusan kashi 15 cikin ɗari na abin da suke tsammani, sauran kimanin 2,900 kuwa suka tashi hannu rabbana. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne babu wanda ya yi sata, kuma babu dokar da aka karya. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa a bakin inji, ya tsufa, an ce masa babu, sannan babu kotun da zai kai kukansa.

Fanshon kamfanoni ya daɗe a ƙasar kafin wannan rana. Kamfanin American Express ya fara nasa tun 1875, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyoyin ƙwadago suka mayar da fansho babban abin da ake ciniki a kansa a teburin sasantawa. Sai dai doka ta ɗauke shi kusan kamar kyauta ce daga mai gida. Dokar 1958 ta wajabta bayyana asusu kawai, wato a rubuta a ajiye a ofishin gwamnati, ba ta ba kowa ikon hukunta wanda ya yi wasa da kuɗin ba. Sanata Jacob Javits na jihar New York ya gabatar da ƙudurin gyara a 1967, aka yi ta jan ƙafa shekara bakwai, domin kamfanoni ba sa so, wasu manyan ƙungiyoyin ƙwadago ma ba sa so. Sai ranar 2 ga Satumba 1974, ranar hutun ma'aikata a Amurka, Shugaba Gerald Ford, wanda bai cika wata guda kan mulki ba, ya sa hannu a dokar da aka fi sani da ERISA. Ta ƙayyade shekarun aikin da haƙƙin ma'aikaci zai tabbata, ta tilasta zuba kuɗi a asusu, ta kafa hukumar inshora ta PBGC domin biyan fansho idan asusu ya durƙushe, ta kuma ɗora wa duk mai riƙe da kuɗin ma'aikata nauyin amana.

Wannan batu na amana shi ne zuciyar dokar, kuma a nan gizo ke saƙar. Kalmominta gajeru ne: mai riƙon asusu ya yi aiki don amfanin ma'aikata kaɗai, ya yi taka-tsantsan irin na gwani mai hankali, kada ya zuba dukiyar wuri guda. Kowane ɓarawon asusu zai iya rantsuwa cewa haka ya yi. Hujjata ita ce, abin da ya ba waɗannan kalmomi haƙora shi ne aikin wani ƙaramin rukunin lauyoyin gwamnati, musamman manyansu da ke yanke shawarar wace ƙara za a shigar, wace za a sasanta, wace za a bari. Suna ƙarƙashin ofishin babban lauyan Ma'aikatar Ƙwadago, wanda shugaban ƙasa ke naɗawa da amincewar Majalisar Dattawa, amma sashen da ke kula da shari'un fansho da na inshorar lafiyar ma'aikata yana hannun ma'aikatan dindindin, waɗanda gwamnatoci ke zuwa su wuce su bar su. Dokar da kanta ta tsara yadda za a sa musu ido: ta ba lauyoyin ma'aikatar damar tsayawa a kotu da sunan Sakataren Ƙwadago, amma ƙarƙashin jagorancin Antoni Janar, idan kuma magana ta kai Kotun Ƙoli, wani babban lauyan Ma'aikatar Shari'a ne ke da wuƙa da nama. Masu bincike na hukumar da a yau ake kira EBSA su ne ke tono bayanai, amma ba su ke zuwa kotu ba. Masu binciken ɗaruruwa ne kawai, asusun da suke kula da su kuwa dubban ɗaruruwa ne, na mutane fiye da miliyan 150. Wanda ke da irin wannan ƙarancin hannu, zaɓensa shi ne dukan ƙarfinsa.

Jarrabawa ta farko ita ce asusun Central States na ƙungiyar direbobin manyan motoci ta Teamsters, mai hedikwata a Shikago. An daɗe ana zuba kuɗinsa bashi ga gidajen caca na Las Vegas da wasu harkokin da ke da alaƙa da gungun miyagu. Shugaban ƙungiyar, Jimmy Hoffa, an same shi da laifin zamba kan wannan asusu tun 1964, kuma ya ɓace a watan Yuli na 1975, har yau ba a ga gawarsa ba. An ba kura ajiyar nama, kowa kuma ya sani. Ma'aikatar Ƙwadago ta fara bincike a 1975. A 1976 hukumar haraji ta janye rangwamen harajin asusun ba tare da daidaita mataki da ma'aikatar ba, abin da ya jawo suka daga baya. Tsakanin 1976 da 1977 aka matsa wa amintattun asusun suka sauka, har da Frank Fitzsimmons wanda ya gaji Hoffa, aka miƙa jarin ga ƙwararru daga waje. A Fabrairu 1978 aka shigar da ƙara kan tsoffin amintattun, a 1982 kuma aka cimma yarjejeniya a gaban kotu wadda ta sa asusun ƙarƙashin sa-idon alƙali da na ma'aikatar. Duba ma sunan ƙarar: ta fara da sunan Sakatare Ray Marshall na gwamnatin Carter, ta koma sunan Raymond Donovan na gwamnatin Reagan, ta ci gaba bayan shi ma ya sauka. Sunan da ke saman takarda yana sauyawa, masu riƙe da fayil ɗin suna nan.

Shari'ar da ta fi nuna amfanin iya zaɓe ta fito ne daga inda babu ɗan daba ko ɗaya. A 1981 kamfanin LTV ya nemi saye kamfanin ƙera jiragen yaƙi na Grumman ba da son shugabanninsa ba. Amintattun asusun fanshon Grumman manyan jami'an kamfanin ne, ciki har da shugabansa John Bierwirth. Suka ƙi sayar wa LTV hannun jarin da asusun ke da shi, sannan suka ɗebi kimanin dala miliyan 44 na kuɗin fansho suka ƙara sayen hannun jarin Grumman a daidai lokacin da farashi ya yi tsada. Ba su sa ko sisi a aljihunsu ba, kuma suna iya cewa ceton kamfani ceton ma'aikata ne. Lauyan da ke neman nasara mai sauƙi zai kauce wa irin wannan ƙara. Waɗanda suka amince a shigar da ita sun fahimci cewa idan doka ba ta kama mutumin kirki mai fuska biyu ba, to ɓarayi ƙalilan kawai za ta riƙa kamawa. A 1982 Mai Shari'a Henry Friendly na kotun ɗaukaka ƙara da ke New York ya yanke cewa nauyin da ke kan mai riƙon asusu shi ne mafi girman nauyin da doka ta sani, kuma idan maslahar kamfani da ta ma'aikata suka yi karo, dole ya yi bincike na haƙiƙa, ya nemi shawarar wanda ba shi da hannu, ko ya sauka daga kujerar. Daga baya hannun jarin ya tashi har aka sayar da riba, amma a 1985 kotun ta ce riba ba ta wanke laifi: sai an gwada da abin da kuɗin za su samar da an zuba su inda ya dace. A 1983 wata kotun ɗaukaka ƙarar, a wata ƙara ta ma'aikatar, ta ƙara da cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan babu bincike da sanin aiki. Har gobe da waɗannan hukunce-hukunce ake auna amintattu.

Akwai mai cewa ai dokar ta ba ma'aikaci da kansa damar kai ƙara, kuma lauyoyi masu zaman kansu sun ci manyan shari'u, kamar ta Tibble da kamfanin Edison a 2015, inda Kotun Ƙoli ta ce wajibi ne a ci gaba da sa ido kan jari bayan an zaɓe shi. Wannan gaskiya ne, kuma ƙararrakin da suke shigarwa sun fi na gwamnati yawa nesa ba kusa ba. Amma lauya mai zaman kansa daga abin da aka ci yake samun ladansa, don haka ƙafarsa na bin inda kuɗi suke da kauri. Ɗan ƙaramin kamfani mai ma'aikata talatin, wanda mai shi ke cire kason fansho daga albashi ya biya bashin kaya da shi maimakon ya zuba a asusu, ba zai ja hankalin babban ofishin lauyoyi ba, alhali irin wannan cin amana na daga cikin abin da masu bincike suka fi cin karo da shi. Ban da haka, lauya mai zaman kansa yana iya sasantawa da arha ya karɓi kasonsa. A kan wannan ne kotun ɗaukaka ƙara ta Shikago ta yanke a 1986, a cikin rikicin Central States ɗin nan, cewa sulhun da ma'aikata suka yi bai ɗaure hannun Sakataren Ƙwadago ba, domin shi maslahar jama'a yake karewa. Ƙofar ma'aikaci kuma tana ƙara tsukewa: a 2020 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Thole, cewa mai karɓar fansho tsayayye ba shi da hurumin ƙarar amintattu muddin ana biyansa kuɗinsa a wata. Idan ba a bar ma'aikaci ya yi magana ba sai asusu ya faɗi, ihu bayan hari kenan, kuma wanda ya rage da ikon yin rigakafi shi ne lauyan gwamnati.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato cewa lauyan gwamnati bawan siyasa ne, ga jinkiri. Ba zan musa jinkirin ba. Wani kwamitin bincike na Majalisar Dattawa ƙarƙashin Sanata Sam Nunn ya caccaki ma'aikatar kan yadda ta tafiyar da binciken Central States, kuma shekara bakwai tsakanin fara bincike da cimma yarjejeniya lokaci ne mai tsawo ga dattijon da ke jiran haƙƙinsa. Matsayin ma'aikatar kan wasu batutuwa ma yakan juya idan mulki ya sauya hannu. Amma a dubi Enron. Kafin kamfanin ya durƙushe a Disamba 2001, kusan kashi 60 cikin ɗari na ajiyar ritayar ma'aikatansa na cikin hannun jarin kamfanin, kuma an kulle asusun na wasu kwanaki don sauya mai kula da shi yayin da farashi ke zubewa. Shugabansa Kenneth Lay na cikin manyan masu ba Shugaba George W. Bush gudummawar kamfe. Duk da haka, a 2002 lauyoyin ma'aikatar suka miƙa wa kotu a Teksas hujjoji masu goyon bayan ma'aikata, a Yuni 2003 kuma ma'aikatar ta maka Enron da Lay da wani tsohon shugabansa, Jeffrey Skilling, a kotu. Hakan ya yiwu ne saboda an riga an gina matsayi na shekara ashirin tun daga Grumman, wanda yake da wuya wani naɗaɗɗen ɗan siyasa ya rushe shi dare ɗaya ba tare da an gani ba. Darasin Central States kuwa yana goyon bayan hujjata ne ta wata fuskar: inda sa-ido na manya ya yi rauni, hukumomi suka ƙi haɗa kai, nan aka yi asarar shekaru.

Saura abu guda da ya kamata a faɗa ba ɓoye-ɓoye. Asusun Central States, bayan an tsarkake shi daga miyagu an miƙa shi ga manyan bankunan jari, ya sake kusantar faɗuwa. Dokar sassauta harkar sufurin manyan motoci ta 1980 ta kashe kamfanoni da dama da ke zuba masa kuɗi, kamfanin UPS ya fice a 2007 bayan biyan kimanin dala biliyan 6, rikicin kuɗi na 2008 ya ƙarasa abin da ya rage. Babu ƙarar da za ta iya magance wannan. Haka nan kamfanoni da yawa sun daina alkawarin fansho tsayayye sun koma tsarin 401(k), wanda ya samo asali daga dokar haraji ta 1978, inda ma'aikaci ke ɗauke da kasadar jarinsa. Wasu na ɗora laifin kan tsauraran dokoki da tsoron shari'a, kuma akwai ƙanshin gaskiya a ciki, ko da yake sauƙin kashe kuɗi ne ya fi jan kamfanonin. Abin da lauyoyin nan suka iya shi ne hana a mayar da kuɗin ma'aikaci jarin mai gida, kuma wannan sun yi shi gwargwadon hannun da aka ba su. Abin da ya fi ƙarfinsu sai da Majalisa ta shigo: a Disamba 2022 gwamnatin tarayya ta amince da ba Central States kimanin dala biliyan 36 daga baitulmali, domin kada a zaftare fanshon direbobi da ma'aikatan rumbunan kaya fiye da 350,000.