Labarin Murhun Jin Ɗumi

Ya ku 'yan makaranta, mu nan in hunturu ya kama sai mu kewaye wuta da safe, hantsi na fitowa mu watse. Amma akwai ƙasashen da sanyi ya kan yi wata huɗu ko biyar, ruwa ya daskare a randa, wanda bai hura wuta a ɗaki ba kuwa ya sayar da ransa. Yau za mu ba ku labarin yadda mutanen irin waɗannan ƙasashe suka yi fama har suka koyi jin ɗumi da itace kaɗan.

A zamanin da, a Turai da Amurka, murhun gida wani kogo ne a jikin bango, da bututun hayaƙi ya miƙe daga samansa har ya fita ta rufin soro. Aibinsa kuwa babba ne. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, saboda haka mafi yawan zafin sai ya bi hayaƙi ya tsere waje. Sa'an nan iskar da ta fita dole wata ta maye gurbinta, sai mai sanyi ta yi ta kurɗaɗowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mutum na zaune, gabansa na gasuwa, bayansa na karkarwa, itace kuwa na ta ƙarewa.

A birnin Filadelfiya, cikin ƙasar Fensilbaniya, lokacin tana ƙarƙashin Sarkin Ingila, akwai wani mai buga littattafai wai shi Benjamin Franklin, wanda aka haifa a Boston cikin shekara ta 1706. Ya lura da cewa itacen da a da a ke samu a bakin ƙofa ya zama sai an yi doguwar tafiya, tsadarsa kuwa ta dami masu iyali. Wajen shekara ta 1742 sai ya tsara wani murhu na fale-falen ƙarfe. A bayan wutar ya sa wani akwati mai lunguna a ciki. Iska mai sanyi ta kan shigo ta ƙarƙashin daɓe, ta zagaya cikin akwatin, ta yi zafi, ta fito ɗaki ta ƙofofin gefe. Shi kuwa hayaƙi sai ya haura akwatin, ya gangara bayansa, tukuna ya sami hanyar hawa bututu. Dabarar ita ce a tsawaita masa tafiya, don ya bar zafinsa a ɗaki kafin ya fita.

Franklin ya ba abokinsa Robert Grace, mai maƙerar zubin ƙarfe, ya riƙa yi yana sayarwa, cikin 1744 kuma ya buga ɗan littafi na bayanin murhun. Gwamna Thomas ya so ya ba shi takardar izini cewa shi kaɗai zai ci ribar abin har wasu shekaru. Franklin ya ƙi, don a ganinsa wanda ya daɗe yana morar dabarun wasu, bai kamata ya yi rowar tasa ba.

To, amma kada ku zaci daga nan sai yabo. Murhun bai sami kasuwa sosai ba, gama hayaƙi ba ya son gangara. In bututu bai riga ya yi zafi ya ja shi ba, sai ya dawo ya turnuƙe ɗaki. Daga baya wasu suka gyara, cikinsu har da David Rittenhouse, wani mai ƙera agogo, masanin taurari, ɗan birnin nan, wanda ya sa bututun da ke ɗauke hayaƙi ya kai shi sama. Sunan Franklin ya zauna a kan murhun, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙasar Suwidin ma damuwar ɗaya ce. Maƙerun ƙarfe na cin gawayi ba iyaka, har hukuma ta ji tsoron ƙarewar daji. Cikin 1767 aka ɗora wa mutum biyu, Carl Johan Cronstedt da Fabian Wrede, neman magani. Suka tsara murhun tubali mai tsawo, an lulluɓe shi da tangaran, hayaƙi na hawa yana sauka cikin hanyoyi a jikinsa. Su sun dace, don tubali ya kan sha zafi ya riƙe. A kan hura wuta mai ƙarfi ta ɗan lokaci, in ta cinye ƙurmus a rufe marfin bututu, murhu ya yi ta fid da ɗumi sa'o'i da yawa. Wanda ya taɓa ganin gadon ƙasa na tsofaffinmu, da a ke zuba garwashi a ƙarƙashinsa, ya san asalin wannan hikima.

Cikin ƙarni na 19 kwal ya ture itace a manyan birane, daga baya mai da gas suka biyo. Amma da mai ya yi tsada cikin 1973, mutane da yawa a Amurka suka koma ga murhun itace. Sai hayaƙi ya sake zama abin magana, don likitoci sun tabbatar ƙurarsa tana cutar huhu. Cikin 1988 hukumar ƙasar ta kafa doka a kan yawan hayaƙin da sabon murhu zai fitar.

Abin da za ku riƙe daga wannan labari uku ne. Ɗanyen itace hasara ne, don zafinsa wajen ƙone ruwan jikinsa ya ke ƙarewa. Wuta a rufaffen ɗaki kuwa, ko da ta gawayi ce marar hayaƙi, tana fid da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mai barci, don haka kullum a bar mata mafita. Na uku, daji yana ƙarewa, ko da ya kai na Amurka girma. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya ba mu ikon lura, amin.