Kwabon Sarkin da Ya Yi Murabus: Tarihin Kuɗin Gwaji na Edwad na Takwas



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba tarihin wasu tsabar kuɗi da aka buga da sunan Sarkin Ingila Edwad na Takwas, domin wanda ya fara sha'awar tara tsofaffin kuɗi ya iya rarrabe na gwaji, waɗanda tamaninsu ya kai dukiyar gari guda, da na kasuwa, waɗanda har yanzu akan tsinta a cikin adakar kakanninmu. Sunan sarki ɗaya ne a kansu duka, amma Bahaushe ya ce kama da wane ba wane ba ce, kuma a nan ne masu damfara suke samun ƙofar cutar wanda bai sani ba.

Da farko ya kamata mu san abin da ake nufi da kuɗin gwaji. Kafin ma'aikatar buga kuɗi ta fitar da sabon kuɗi ga jama'a, takan sassaƙa hatimi biyu na ƙarfe, ɗaya na fuska, ɗaya na baya, sa'an nan ta buga 'yan ƙwayoyi kaɗan don hukuma ta ga zanen, a kuma jarraba ƙarfen da nauyinsa da kaurinsa. Waɗannan ƙwayoyi ba kuɗin ciniki ba ne a doka. Bisa al'ada akan narkar da su, ko a adana su a gidan kayan tarihin ma'aikatar, saboda haka kaɗan ne ƙwarai suke faɗawa hannun mutane.

To, Sarki Joji na Biyar ya rasu ran 20 ga Janairu, 1936, babban ɗansa Edwad ya gaje shi. Nan da nan ma'aikatar buga kuɗi ta Landan, wadda ake kira Royal Mint, ta shiga shirin sababbin kuɗi, aka zaɓi hoton kan sarki wanda Humphrey Paget ya zana. Tsohuwar al'adar Ingila ita ce kowane sabon sarki ya fuskanci ɓangaren da wanda ya gada ya juya wa baya. Joji na Biyar hagu ya fuskanta, watau ke nan Edwad dama ya kamata ya duba, amma ya ƙi, domin yana ganin gefen fuskarsa na hagu ya fi kyau. Aka bi son ransa, aka buga na gwaji da shekarar 1937 a kansu, aka tsai da 1 ga Janairu, 1937 a kan ita ce ranar fara bugu sosai. Kafin ranar ta zo, sai sarki ya yi murabus ran 11 ga Disamba, 1936, domin ya auri Wallis Simpson, wata Ba'amurkiya wadda gwamnati da cocin Ingila suka ƙi yarda ta zama matar sarki saboda mutuwar aurenta. Bai cika shekara a gadon sarauta ba, ba a kuma fitar da ko ƙwaya ɗaya mai hotonsa ga jama'ar Ingila ba.

Mafi yawan abin da ya saura na gwajin an kulle shi. Sai cikin 1970 aka buɗe wani kwali da ya daɗe a rufe cikin akwatin ƙarfe na ofishin shugaban ma'aikatar, aka tarar da ƙwayoyi 49 a ciki. Wasu kuma ta wata hanya suka fita. A lokacin ana shirin sabon taro mai kusurwa 12, na tagulla gauraye da nikel, sai aka aika da wasu na gwaji ga kamfanonin da ke ƙera injunan nan da ake jefa wa kuɗi su fito da kaya, don su jarraba kaurinsa, ba duka aka mayar ba. Ƙarancinsu da kuma labarin murabus ɗin su ne suka ɗaga farashinsu. Fam guda na zinariya mai hoton Edwad, wanda shida kaɗai aka san akwai irinsa, an sayar da shi a gwanjo fam 516,000 cikin 2014, sa'an nan cikin Janairu 2020 aka sake sayar da shi fam miliyan 1. Cikin Maris 2021 kuma aka yi gwanjon mai fam biyar na zinariya a Amurka a kan dala miliyan 2.28.

Yanzu sai mu dawo gida, domin labarin ya shafe mu. Tun 1907 Turawan mulkin mallaka suka fara shigo da tsabar kuɗi masu huji a tsakiya don su maye gurbin wuri. Aninin farko na goran ruwa ne, amma ya kasa jure yanayin ƙasar, aka koma ga jan ƙarfe gauraye da nikel cikin 1908. A 1912 aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma, ita ce ta riƙa bayar da kuɗin da Nijeriya da Gwalkwas, watau Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya suke amfani da su. Anini da ɗari da kwabo na wannan zamani ba su da hoton sarki, tun da huji ya cinye gurbinsa. A fuska akwai kambi da sunan sarki da ƙimar kuɗin cikin Turanci da Larabci, a baya kuma tauraro mai tsini shida da shekara. Da yake babu hoton da za a jira, sauya suna kawai ake bukata, sai aka buga miliyoyinsu da sunan Edwad da shekarar 1936, suka bazu a kasuwannin Kano da Katsina da Kumasi. Haka aka yi wa Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini. Waɗannan kuɗin kasuwa ne na sosai, kuma wanda ya sha hannu a cikinsu ba ya wuce 'yan fam kaɗan a wurin dillalan Ingila.

Saboda haka, wanda aka kawo wa kuɗi mai sunan Edwad, sai ya bi matakai huɗu. Na ɗaya, ya duba ko da huji ko da hoto. Mai huji da tauraro da 1936 namu ne na kasuwa. Na biyu, in mai hoto ne, ya dubi shekara: na gwajin Landan da aka shirya fitarwa 1937 ne a kansu, alhali kuwa tun daga shekarun 1950 wasu dillalai suke buga manyan kwandaloli masu hotonsa da shekarar 1936 don sayarwa, waɗanda babu wata hukuma da ta taɓa ba da umarninsu. Na uku, ya auna, ya kuma duba da gilashin ƙara girma. Fam na zinariya giram 7.98 ne, kuma na jabu da aka yi wa zubi yakan nuna ƙananan ramuka da layin haɗi a gefe, harufansa ba su fita tsaf ba. Na huɗu, wanda ya fi sauran muhimmanci, ya nemi salsalar kuɗin, watau daga hannun wa ya fito, a wane gwanjo aka taɓa sayar da shi. Kamar yadda malaman Hadisi suke bin isnadi, haka masana kuɗi suke bin sawun kowace ƙwaya, kuma abin da guda shida ne kacal a duniya an san inda kowane yake.

Wannan ba ya nufin namu ba su da abin nema. A kansu akan sami ƙaramin harafi H, alamar masana'antar Heaton ta Birmingham, ko KN, alamar ta King's Norton, wanda ba shi da alama kuwa bugun Landan ne. Mai tarawa yakan nemi ya haɗa ukun. Bugu da ƙari, akwai wani kwabo na 1936 mai alamar H wanda aka yi kuskure wajen bugunsa, aka haɗa hatimin fuskar kuɗin Afirka ta Gabas da bayan namu, domin masana'anta ɗaya ce take buga wa yankunan biyu. Wannan bugun kuskure ne, ba gwaji ba, amma ya fi na yau da kullum tamani nesa ba kusa ba. Gargaɗi ɗaya a nan: kada a goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami, domin gogewa tana kankare fuskar ƙarfen, ta zubar da darajarsa a wurin masana.

Babban Bankin Nijeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na farko cikin 1959, naira kuma ta zo ran 1 ga Janairu, 1973, anini ya bar kasuwa, sai sunansa da ya saura a kafaɗar hafsoshin soja. Ina roƙon ɗalibanmu na tarihi da ma'aikatan gidajen kayan tarihi su tattara waɗanda suka rage a gidaje, su rubuta shekara da alama da garin da aka samo kowane, kafin su ƙare a hannun masu sayen ƙarafa.