Wuni Guda a Ajin Makarantar Mishan

  Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na yammacin Kano, na Karaye da na Rogo, tun daga Rogo Sabon Gari da Rogo Ruma har zuwa Zarewa da Fulatan da Beli. Yau shirin namu na tarihi ne. Za mu leƙa wani ɗaki da yawancinmu ba mu taɓa sa ƙafa a cikinsa ba, sai dai labarinsa da muka ji a bakin iyaye da kakanni, wato ajin firamare na makarantar 'yan mishan ɗin Katolika.

Na san wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da makarantar mishan? 'Yar uwa, ki ɗan tuna ranar da kika je awo asibiti, ko ranar da kika kai yaro allurar rigakafi. Sau nawa kika tarar malamar da ta duba ki Kirista ce? A ƙasar Rogo da Karaye kuma, har zuwa Kafur da Malumfashi a jihar Katsina, muna da maƙwabta Hausawa waɗanda kakanninsu Maguzawa ne, da yawansu yanzu Kiristoci ne, wasunsu 'yan Katolika. Harshenmu ɗaya da su, tuwonmu ɗaya, gonakinmu na haɗa iyaka. Sanin yadda aka koyar da 'ya'yan maƙwabcinka ai ba ɓata lokaci ba ne, musamman ga uwar da ke da yaro a firamare.

Bari mu fara da yadda makarantar ta iso ƙasar Kano. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903. Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba, saboda haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga garuruwan Musulmi. Limaman Katolika na ƙungiyar SMA, waɗanda ake kira Fada, sun kafa zangonsu a Shendam cikin jihar Filato ta yanzu a 1907, nesa da ƙasashen sarakunan Musulunci. Makarantar boko ta farko a Kano kuwa ta gwamnati ce, wadda Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa a 1909.

Jirgin ƙasa ne ya sauya al'amarin. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai baƙi suka yi ta kwararowa daga Kudu, akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa, aka ware musu unguwa a bayan ganuwa, ita ce Sabon Garin Kano. Cikinsu akwai 'yan Katolika masu yawa, su ne Fada ya biyo, kuma domin 'ya'yansu aka fara buɗe aji a gefen coci. A 1948 wasu mata masu hidimar coci, waɗanda ake kira Sista, na ƙungiyar St. Louis, suka iso Kano daga ƙasar Ayilan. Waɗannan mata ba sa aure, rayuwarsu duka ta tafi a kan koyarwa da jinya. Sunan St. Louis da kike ji a kan makarantar firamare da ta sakandaren 'yan mata a Kano daga gare su ya samo asali. A ɓangaren Katsina da Sakkwato kuwa, limaman Dominikan daga Amurka aka damƙa wa aikin a 1953, daga baya aka kafa cibiyar horar da malaman coci na ƙauye, wato katikis, a Malumfashi. Irin waɗannan malamai ne suka riƙa koyar da karatu da Hausa a ƙauyukan Maguzawa, wani lokaci a ƙarƙashin bishiya, wani lokaci a cikin ɗan ɗakin da ake ibada ran Lahadi.

To yanzu ki ɗauki mayafinki mu shiga ajin, mu ce a shekarun 1950 zuwa 1960, mu ga yadda wunin yake tafiya.

Tun kafin a shiga aji aiki ya fara. Yara kan iso da sassafe, kowa da yankin da zai share, wasu su ɗebo ruwa su cika randa. Ƙararrawa kuwa sau da yawa guntun ƙarfen dogo ne ko tsohon gargaren mota aka rataye a reshe, monita ya buga. Da jin ta kowa ya ruga ya shiga layin ajinsu, gajeru a gaba, dogaye a baya. Sai malama ta bi layi tana duba farce da haƙora da kai da wuyan riga. Wanda aka samu da ƙazanta a fitar da shi gefe, a tura shi bakin randa ya wanke, wani lokaci har da bulala. Wanda ya makara shi ma ya san sauran. Daga nan a yi addu'ar safe irin ta Katolika, a yi waƙa, a shiga aji da maci.

Abu na farko a cikin aji shi ne kiran suna. Malama ta buɗe rajista ta kira kowa ɗaya bayan ɗaya, ta sa alama. Kada ki raina wannan ɗan littafi. Gwamnati na ba makarantun mishan tallafin kuɗi ne bisa sharaɗi, sufeto kan zo ya duba rajista da tsarin darasin malami da littattafan yara. Saboda haka in yaro ya yi fashin kwana biyu, ba wuya a ga malami ko katikis a ƙofar gidansu yana tambayar lafiya.

Bayan kiran suna sai darasin addini, wanda aka fi sa shi da safe lokacin da kan yara ke sake. Ana koyar da shi ne ta hanyar tambaya da amsa, malama ta jefa tambaya, aji duka ya amsa da hadda, sai kuma labaran Littafi Mai Tsarki. Wadda ta yi makarantar allo ko Islamiyya ba za ta ga baƙon abu a salon ba, domin maimaitawa da murya ɗaya har abu ya zauna, haka ake yi ko'ina a wancan zamani.

Sai lissafi. 'Yan aji ɗaya ba su da littafin rubutu, ɗan allo baƙi gare su da guntun alli, a rubuta a goge da tsumma. Ƙirga kuwa da tsakuwa ake koyonsa, ko tsinken tsintsiya da aka ɗaure goma goma, ko marafan kwalba. In an girma kaɗan sai haddar sau, daga sau biyu har sau goma sha biyu, ana rerawa kamar waƙa har mai wucewa a hanya ya ji. Akwai kuma lissafin ka, wanda malama za ta jefo tambaya ba rubutu, ka amsa nan take. Dalilin tsayawa a goma sha biyu shi ne kuɗin lokacin: kwabo 12 ne sule ɗaya, sule 20 ne fam ɗaya. Yaron da bai iya sau goma sha biyu ba, canji ma sai ya gagare shi. Sai a 1973 aka koma naira da kwabo 100.

Karatu da rubutu su ne ƙashin bayan wunin. A ƙauyukan Hausawa da Hausa ake farawa, a haɗa baƙi da wasali, ba, bi, bu, har yaro ya iya haɗa kalma. Littattafai irin su Ka Koyi Karatu da Magana Jari Ce na Abubakar Imam sun zaga makarantun Arewa, na hukuma da na mishan. A Sabon Garin Kano kuwa, da yake yaran ƙabilu daban daban ne, Turanci ake kamawa da wuri. Ana ba kyan rubutu muhimmanci ƙwarai. Malama ta rubuta layi ɗaya a babban allo, yaro ya yi ta kwafa har hannunsa ya faɗa, kafin a ba shi izinin riƙe alƙalami da tawada. Sai shifta, wato malama na faɗa ana rubutawa, kowane kuskure da jan biro.

Da an tashi tara kowa ya fita da ɗan abin da ya zo da shi, gyaɗa ko rogo ko ƙosai, a yi 'yar gala-gala da langa da ƙwallon tsumma. Bayan an dawo, rana ta yi zafi, sai darussa masu sauƙi: kiwon lafiya, labarin ƙasa, sanin tsirrai da dabbobi, waƙa, da aikin hannu. 'Yan mata su koyi ɗinkin hannu da saƙa da yin ƙaho da gyaran yagaggen tufafi, a manyan azuzuwa har da girki da renon jariri. Maza su yi igiya da tsintsiya da kwando, su shiga gonar makaranta. A ƙarshen zango a tara kowa a karanta sakamako, na ɗaya har na ƙarshe, a gaban jama'a. A Arewa wannan tafiya shekara bakwai ce, huɗu a ƙaramar firamare, uku a babba.

Kada kuma mu shafa wa abin zuma fiye da kima. Bulala ta yi yawa. A makarantu da dama yaro kan sha horo don kawai ya yi magana da harshen uwarsa, abin da suke kira banakula. Akwai kuɗin makaranta da na yunifom, wanda ya sa 'ya'yan talakawa da yawa suka tsaya a hanya, kuma in kuɗi ya gaza, 'ya mace ake fara cirewa.

Tsoron da iyayenmu suka ji kuwa yana da tushe. 'Yan mishan ba su ɓoye cewa makaranta hanya ce ta yaɗa addininsu ba, kuma uba Musulmi yana da hujjar yin taka tsantsan. Inda asarar ta shigo shi ne da tsoron ya tashi daga makarantar mishan ya rufe kowace irin makarantar boko, har waɗanda sarakunanmu suka tsaya a kansu. A 1930 aka buɗe wuraren koyar da 'yan mata a Kano da Katsina, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, amma 'yan ƙalilan ne suka shiga. A gefe guda kuma yarinyar da ta fara da allo da alli a gaban Sista ta wuce kwalejin horon malamai, ko makarantar ungozoma irin ta St. Louis da ke Zonkwa a kudancin Kaduna. Shekaru suka tafi. Da muka zo muna neman mace ta karɓi haihuwarmu don kada namiji ya gan mu, sai muka tarar namu 'ya'yan da suka yi wannan karatu ba su da yawa.

Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970, makarantun firamare na mishan da yawa suka koma hannun hukuma, shi ya sa kike jin ana kiran wasu L.E.A. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta kawo shirin UPE na firamare kyauta, makarantu suka shiga ƙauyuka, a 1999 kuma aka ƙaddamar da UBE. Cocin Katolika ta ci gaba da riƙe wasu makarantu, ta kuma buɗe sababbi masu zaman kansu. Kano, wadda da take ƙarƙashin Kaduna a tsarin cocin, ta zama dayosis mai cin gashin kanta a 1999. A 2023 aka kafa ta Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe, ya zama bishop ɗinta na farko.

To uwargida, me za mu ɗauka a nan? Ki sake duba wunin da muka zaga. In kika cire addu'arsu da darasin addininsu, waɗanda nasu ne, abin da ya rage ƙananan abubuwa ne da ake maimaitawa kullum ba fashi: zuwa a kan lokaci, tsaftar jiki, kiran suna, hadda, duba rubutu, da bin sawun yaron da bai zo ba. Babu ɗaya a ciki da yake buƙatar ginin bene ko kuɗi mai yawa, kuma rabinsu daga tsakar gida suke farawa, inda ke ce hedimasta.

Ba sai kin fita ba. Ki duba farce da kan yarinyarki kafin ta tafi. Ki tsara tallar safe yadda ba za ta ci lokacin aji ba, in da hali a bar ta sai an taso. In ta dawo ki ce ta buɗe littafi ta nuna miki abin da aka yi yau. Ko ba ki iya boko ba, kin san shafin da aka yi rubutu da wanda yake fari fat, kin san jan biron malami in kin gan shi. In mako ya wuce ba ki ga hannun malami a littafin ba, ki gaya wa maigida ya leƙa makarantar ya ji dalili. In kina tsince wake ko gyaɗa, ki ware mata goma goma ta ƙirga miki. Ki sa ta rera miki sau biyu da sau uku kina tuƙa tuwo, kamar yadda kike sauraren haddarta ta Islamiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yarinyar nan da ke ƙirga wake a gabanki, wa ya sani ko ita ce za ta karɓi haihuwar matan Rogo nan da shekara ashirin?

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.