Ginin Ƙasa a Gaɓar Kwara

Kafin a kammala madatsar Kainji a shekarar 1968, Gungawa da maƙwabtansu na ƙasar Yawuri, tun daga Ngaski har Shanga, da ƙasa da jinka suke gina ɗakunansu, bisa hikimar da magina suka gada kaka da kakanni, wadda, a nawa ra'ayi, haƙƙi ne a koyar da ita tun ma'abotanta na raye. Da tafkin madatsar ya cinye tsibirai, hukuma ta mayar da jama'a sababbin gidaje na siminti. Amma da yawansu, saboda zafin bazara da buƙatar iyali, sai suka sake kwaɓa ƙasa, suka tayar da rumbuna da madafai, inda mata ke tuƙa tuwo suna kyafe kifi.